Kafin batir ya kashe mana ma'aikacin kashe gobara a Abossey Okai

Kayan da ake sayarwa a Abossey Okai sun fara canja fuska, kuma ba kowa ya lura ba. Inji da giyabos da shokozoba da fitilun mota suna nan yadda aka san su, jibge har bakin titi. Amma a tsakaninsu yanzu akwai wasu akwatunan ƙarfe masu nauyi, da wayoyi ruwan lemo a jikinsu. Batiran motocin da ke haɗa fetur da lantarki ke nan, da na motocin da lantarki zalla suke sha. Ka haura Circle, layin masu waya na Tip Toe Lane, batirin waya da fawa bank a tire ake tallarsu kamar gyaɗa. Ka shigo Nima ko Maamobi ko Sabon Zango, da wuya ka sami ɗakin da ba fitilar caji, ko fankar caji, ko tsohuwar kwamfutar cinya da batirinta ya kumbura. Tun shekarun dumsor, daga 2012 zuwa 2016, muka koyi tara wuta a gida, kuma ba mu daina ba.

Yawancin waɗannan batira na litiyom ne. Ba na cikin masu cewa a guje su. Su suka sa mai sayar da waakye take kunna fitila da asuba ba tare da jiran ECG ba, su suka sa ɗan makaranta yake karatu in an ɗauke wuta. Abin da nake so mu tsaya a kai shi ne wannan: wutar da batirin litiyom ke haifarwa ba irin wutar da muka saba da ita ba ce, kuma mutumin da zai fi kowa shan wahalarta shi ne ma'aikacin kashe gobara, wanda zai kutsa cikin shago ba tare da ya san abin da ke ajiye a ciki ba.

Bari in ɗan yi bayanin yadda abin yake, don in ba a gane wannan ba sauran maganar za ta zama kamar tsoratarwa. Batir babba ƙwayoyi ne ƙanana aka jera. Wadda aka fi sani ita ce mai lamba 18650, faɗinta milimita 18, tsawonta 65, kamar yatsan babban mutum. A cikin kowace ƙwaya akwai fallaye biyu masu riƙe wuta, an raba su da wata fatar leda da ta fi takarda siranta, an jiƙa su da wani ruwan sinadari mai kama wuta kamar fetur. Muddin ledar nan tana lafiya, batir yana lafiya. In ta huje, ko don an buga batirin da ƙasa, ko ƙusa ta soke shi, ko an cika masa caji fiye da ƙima, ko rana ta gasa shi a cikin kwantena, sai fallayen su haɗu, zafi ya tashi. Zafin ya narkar da sauran ledar, wannan ya ƙara zafin, ƙwayar ta fashe, ta gasa maƙwabciyarta, ita ma ta gasa ta gaba. Zafi ne ke haifar da zafi, har ya wuce maki 600, wani lokaci ya kusa 1,000. Da ya ɓalle, ba mai mayar da shi.

Abu biyu suka raba wannan wuta da ta katako ko ta atamfa. Na farko, ba ta dogara da iskar waje kaɗai ba, domin sinadaran cikin batirin da kansu suna dafuwa, wasu ma suna fitar da oksijin idan sun yi zafi. Saboda haka jan tulun hodar nan da aka rataye a shaguna zai iya kwantar da harshen wutar, amma cikin batirin yana ci gaba da tafasa, bayan minti kaɗan ta sake tashi. Na biyu, kafin wutar ta bayyana batirin yana busar da wani farin hayaƙi mai kama da tururin tukunya. Ba tururi ba ne. A cikinsa akwai haidirojin mai fashewa, da kabon monoksayid mai kisa a shiru, da haidirojin fulorayid wanda idan ya haɗu da danshin ido ko na huhu yake zama ruwan guba mai cin nama. In hayaƙin ya taru a rufaffen wuri, tartsatsi ɗaya ya isa wurin ya tashi kamar bam.

Wannan ba hasashe ba ne, an gani. Ranar 19 ga Afrilun 2019, a garin Surprise na jihar Arizona a Amurka, aka kira ma'aikatan kashe gobara zuwa wata ma'ajiyar batira ta kamfanin lantarki, ginin ƙarfe ne mai kama da kwantenonin da muke maida su shago a nan. Farin hayaƙi suka tarar yana bin ƙasa. Ƙwararru ne, suna da na'urorin auna iska, kuma ba su yi gaggawa ba, sun daɗe suna jira suna aunawa. Da suka buɗe ƙofar, ba a jima ba ginin ya fashe. Huɗu suka ji munanan raunuka, aka tsinci ɗaya daga cikinsu sama da mita 20 daga inda yake tsaye. Bayan shekara biyu, ranar 16 ga Afrilun 2021, a birnin Beijin na ƙasar Sin, ma'aikata suna fama da wuta a wani ginin batira, sai ginin da ke can gefe, wanda ba ya ci, ya fashe. Hayaƙin ne ya bi ramin wayoyi ta ƙarƙashin ƙasa ya taru a can. Ma'aikatan kashe gobara biyu suka rasu. Kuma batiran Beijin irin waɗanda ake ce wa masu fosfet ne, su ne dillalan sola ke tallata mana da cewa ba sa kama wuta. Gaskiya ne sun fi sauran haƙuri da zafi. Amma in suka lalace, hayaƙinsu yana fashewa.

To, a ɗauki wannan a kawo shi Abossey Okai da ƙarfe 2 na dare. Shaguna a kulle, kwantena manne da kwantena, sama an ɗora wani bene na katako an cika shi da bamba da dashbod na roba, gefe ga tayoyi, ga jarkokin baƙin mai, ga tukunyar gas ta mai walda. Mai gadi ya ga hayaƙi ya buga 192 ko 112. Mota ta zo ta tsaya inda hanya ta ƙare, domin lungun da aka bari don wucewa wani ya kafa teburi a kai. Me ma'aikaci zai fara yi? Abin da aka koya masa, kuma abin da jama'ar da suka taru za su yi ta yi masa ihu ya yi: ya fasa kwaɗo, ya buɗe ƙofa, ya ga tushen wutar. In abin da ke ciki tayoyi ne, ya yi daidai. In batiran mota uku ne da aka sauke daga Tema makon jiya, ya buɗe wa kansa abin da aka buɗe a Arizona. Ba alama a ƙofar, mai shagon yana barci a Kasoa ko Ablekuma, wayarsa a kashe.

Ga kuma maganar ruwa, wadda ita ce ciwon da ya fi daɗewa. Ruwa shi ne maganin wutar batirin litiyom, kada wani ya ce muku ba a zuba masa ruwa. Amma aikin ruwan sanyaya batirin ne, kuma ƙwayoyin suna rufe cikin akwatin ƙarfe da aka ƙera musamman don kada ruwa ya shiga. Shi ya sa ake buƙatarsa da yawan gaske. Takardar da kamfanin Tesla ya rubuta wa masu aikin ceto ta ce batirin mota ɗaya na iya shan lita 11,000 zuwa 30,000. A watan Agustan 2024, wata tirelar lantarki ta kamfanin ta yi hatsari a jihar Kalifoniya, hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ce sai da aka zuba kusan lita 190,000. Motar kashe gobara ta yau da kullum lita dubu kaɗan take ɗauka, minti kaɗan ta ƙare. Duk wanda ya bi labarin gobarar Makola ta Yulin 2021, ko ta Kantamanto da ta tashi a daren 1 zuwa 2 ga Janairun 2025 ta cinye jarin dubban mutane, ko ta Adum a Kumasi a watan Maris na shekarar, ya san kukan da ake yi kowane karo: hanya a toshe, famfunan gobara na bakin titi ba ruwa ko an gina shago a kansu, mota sai ta tafi nesa ɗebo ruwa ta dawo. Waɗancan fa tufafi ne da katako. Ina ga wutar da ke sake tashi bayan an kashe ta?

Domin tana sake tashi. Hukumar nan ta Amurka ta fitar da rahoto a 2020 kan haɗarin da motocin lantarki ke jefa masu aikin ceto a ciki, ta nuna cewa ƙwayoyin da ba su ƙone ba suna nan riƙe da wutarsu, suna iya kamawa bayan awanni ko kwanaki, a kan motar janwe ko a filin ajiye ɓaraguzai. Kuma suna iya jan mutum. Wayoyin nan masu ruwan lemo ba don ado aka yi musu launi ba, gargaɗi ne: batirin motar haɗi yana ɗauke da bolt 200 ko fiye, na motar lantarki 400, wasu har 800. Batirin mota da fitocinmu suka saba da shi 12 ne.

A nan ne abin ya taɓa gidajenmu kai tsaye. Kasuwar Abossey Okai ta kowa ce, kowace ƙabila ta Ghana tana da shago a ciki. Amma in ka duba wanda ke sauke kaya daga kwantena, da yaron da masta ya miƙa wa guduma da kurfi ya ce ya ɓalle akwatin, da mai aboboyaa da zai ɗora shi a kan tarin ƙarafa, da ɗan kondem da zai saye shi a kan kilo, za ka tarar da 'ya'yanmu da ƙannenmu da yawa. Washegarin kowace gobara, tun toka ba ta huce ba, su ne kan gaba wajen tonon ƙarfe da jan waya. Yaro ya ga akwatin da ya yi baƙi ya ɗauka ya mutu, ya sa hannu.

Akwai wata sana'a da ta bunƙasa wadda nake ganin ita ce ta fi kowace haɗari, ko da yake ina jinjina wa basirar masu yinta. Ana farke tsofaffin batiran kwamfuta da na mota, a zaɓi ƙwayoyin da suka nuna alamar rai, a haɗa su da dalma, a naɗe da salatif, a sayar a matsayin batirin inbata ko na keken lantarki. Batir na ƙwarai yana da wani ɗan allo a ciki mai gadinsa, wanda ke yanke caji in ƙwaya ta cika ko ta yi zafi. A batirin haɗin gida, allon nan ko dai babu shi, ko na araha ne da bai dace ba. Ƙwayoyin kuma ba sa'o'in juna ba ne, wata ta shekara biyu, wata ta shekara takwas. Mai rauni ita ke fara cika, caja kuwa tana ta tura mata. Sai a ƙara da cajar da ba tata ba, har da cajar batirin ruwa na mota, wadda ba ta san inda ake tsayawa ba a litiyom. Araha ba ta ado, amma a nan ba ado kaɗai ake rasawa ba.

Wani abin lura kuma, motocin hatsari. Majalisa ta yi doka a 2020, Doka ta 1014, da ta hana shigo da motocin da suka yi mummunan hatsari, sai aka dakatar da aiwatar da ita bayan ƙorafin dillalai. Ba na son in shiga wannan gardamar a yau, abincin mutane da yawa yana ciki. Amma motar fetur da ta yi karo daban, motar lantarki da ta yi karo daban. Batirin da ya bugu yana iya zama lafiya a ido har tsawon makonni. Wanda ruwan gishiri ya shiga ya fi muni: bayan guguwar Ian ta 2022 a jihar Fulorida, motocin lantarki da ambaliya ta shanye sun yi ta kamawa da kansu kwanaki bayan ruwa ya janye. Irin waɗannan motoci gwanjonsu ake yi, kuma mun san inda kayan gwanjon Amurka ke ƙarewa. Mu kanmu ba baƙin ambaliya ba ne. Kaneshie da Abossey Okai da Circle duk damina suna sha, kuma ba wanda ya manta daren 3 ga Yunin 2015, da ruwa da wuta suka haɗu a gidan mai na Circle aka rasa rayuka sama da 150. Batirin da aka ajiye a ƙasan shago ruwan kwata ya kwana a kansa, ba a share shi da tsumma a mayar kan kanta.

A gida kuwa, tsarin zamanmu ne ke ƙara wa abin nauyi. Ɗaki ɗaya, ƙofa ɗaya, taga an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi, mutum shida a kwance. Ina ake jona caji? A bakin ƙofa, domin nan soket yake. Ɗan okada da ya koma babur mai caji ba zai bar batirinsa a waje a sace ba, sai ya shigo da shi ya jona ya kwanta. Wato an ajiye wutar a kan hanya ɗaya tilo ta fita. Birnin Niyok ya sha wannan darasin da tsada: a 2023 hukumar kashe gobararsu ta ƙirga gobara 268 daga batiran litiyom, mutum 18 suka mutu, huɗu daga ciki a gidajen da ke saman wani shagon gyaran kekunan lantarki a watan Yuni. A Nanjin ta ƙasar Sin, Fabrairun 2024, wutar da ta tashi daga inda ake ajiye kekunan lantarki a ƙasan bene ta kashe mutum 15. Abin da ya ja hankalina a lissafin Niyok shi ne shekarar da ta biyo baya. Sun yi dokar hana sayar da batirin da ba shi da shaidar gwaji, suka cika gari da faɗakarwa. A 2024 yawan gobarar bai ragu ba, 277 aka ƙirga, amma mamata suka sauko zuwa 6. Batiran ba su shiryu a shekara ɗaya ba. Mutane ne suka fara sanin inda ake caji da lokacin da ake gudu.

Wannan aikin ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Kada a kwana ana cajin babban batir a ɗakin da ake barci, kada a sa shi tsakanin mutane da ƙofa. Waya ba a cajinta a ƙarƙashin matashi. Batirin da ya kumbura, ko yake zafi ba a aiki da shi, ko yake wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na fentin farce, ya gama aiki: a fitar da shi waje, a sa a bokitin ƙarfe da yashi nesa da katako, kada a jefa shi a bola inda motar shara za ta matse shi. In ya fara huci ko ya fara farin hayaƙi, ba lokacin neman tsumma ba ne, ba lokacin ɗauko waya a yi bidiyo ba ne. A fita, a ja ƙofa, a kashe mita in ana iya kaiwa gare ta, a kira 192. Mahajjatanmu ma sun san wani yanki na wannan, tunda ana gaya musu fawa bank a jakar hannu take tafiya, ba a cikin akwatin da za a sa a cikin jirgi ba. Dalilin ɗaya ne: a so ta kama a inda ido ke ganinta.

Amma kan wannan rubutu ma'aikacin kashe gobara ne, kuma akwai wata magana da sai mun gaya wa kanmu. Sau nawa mota ta iso unguwa aka tarbe ta da zagi, wani lokaci da jifa, wai sun makara, wai sun zo ba ruwa? Na san zafin mutumin da yake kallon jarinsa na ci. Amma wanda ake jifan ba shi ya toshe hanya ba, ba shi ya hana famfo ruwa ba. Kuma da wannan sabuwar wuta, za a zo lokacin da aikin da ya dace shi ne ma'aikata su ja baya, su hana kowa matsowa, su bar kwantena a rufe suna jiƙa ta daga nesa suna kare maƙwabta. Mai kallo zai ce tsoro ne ko lalaci. In taron jama'a ya matsa musu suka buɗe ƙofar da bai kamata ba, jininsu yana wuyan masu ihun. Abin da ya fi ihu amfani shi ne mutum ɗaya ya je wurin shugaban tawagar ya ce, ranka ya daɗe, shago na uku akwai batiran mota a ciki, na bayansa akwai inbata. Wannan jimla ɗaya tana iya hana a yi jana'iza.

Hukumar Kashe Gobara ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1963 kuma take aiki da Doka ta 537 ta 1997, ita ma akwai abin da ke kanta, da kan Ma'aikatar Cikin Gida da ke riƙe da ita, da Majalisar da ke yanka mata kuɗi. Ba ma'aikacin da ya kamata ya tunkari hayaƙin batir ba tare da tukunyar numfashi a bayansa ba. Tukunya ɗaya kuwa wajen rabin awa take yi in ana aiki mai nauyi, wutar batir tana iya cin yini, saboda haka sai da na canji da injin cika su. Ana buƙatar kyamarar ganin zafi a kowace tasha da ke kusa da babbar kasuwa, don da ita ake sanin ko batir ya huce ko yana shirin sake tashi. Ana buƙatar na'urar auna iska kafin a buɗe ƙofa. Ana buƙatar wurin wanke kayan aiki, domin gubar tana maƙalewa a riga, ma'aikaci ya kai ta gida wurin 'ya'yansa. Tun 2022 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa aikin kashe gobara a sahun farko na abubuwan da ke jawo kansa. Makarantar horar da ma'aikata ta James Town ya kamata ta riƙa ƙona batir na gaske a gaban ɗalibai, su ga farin hayaƙin da idonsu kafin su gamu da shi a lungu. Sabbin motoci suna da kyau a hoto ranar ƙaddamarwa, amma waɗannan ƙananan kaya su ne ke dawo da mutum gida.

Gwamnati ta ƙaddamar da manufar motocin lantarki ta ƙasa a taron sauyin yanayi na Dubai a Disambar 2023. A shekarar aka sa hannu kan yarjejeniyar haƙar litiyom a Ewoyaa ta Yankin Tsakiya. Madalla. Sai dai duk motar da aka yi wa maraba a Tema, bayan shekara goma gunduwa-gunduwa za ta iso Abossey Okai, kuma a lokacin ne batirinta ya fi haɗari. Doka ta 917 ta 2016 ta ɗora haraji kan kayan lantarkin da ake shigowa da su, don a tara kuɗin kula da shararsu. Muna da haƙƙin tambaya: a ina mai shago a Abossey Okai, ko mai gyaran waya a Nima, zai kai mataccen batir yau? In amsar ita ce ba wuri kusa da shi, to a buɗe. Kwantena ɗaya a fili, da yashi, da inuwa, da mai gadi da aka horar, a kowace babbar kasuwa. Hukumar Kula da Ingancin Kaya kuma ta tsaya a bakin tasha kan batira da cajoji marasa suna, don yaron Circle ba shi da ɗakin gwaji.

Amma ban yarda mu zauna jiran Accra ta sama ba. Ƙungiyar Dillalan Kayan Gyaran Mota ta Abossey Okai ƙungiya ce mai ƙarfi, ministoci na zuwa wurinta, in ta yi magana kan haraji ko farashin dala ƙasa na ji. Ƙungiyar da ke da wannan murya tana iya ɗaukar littafi ta bi layi-layi ta rubuta wane shago ne ke ajiye batirin litiyom, guda nawa, da lambar mai shi da ake samu da dare, ta miƙa wa tashar kashe gobara mafi kusa. Tana iya sa a buga alama ɗaya, babba, a ƙofar kowane irin wannan shago. Na san abin da za a ce: alama talla ce ga ɓarawo, littafi kuma hanya ce ga mai karɓar haraji. Ƙorafin yana da tushe. To a yi alamar da ma'aikata da masu gadi kaɗai suka san ma'anarta, a yi yarjejeniya a rubuce cewa littafin na kashe gobara ne ba na kowa ba. Ɓarawo ya riga ya san abin da ke shagonka. Wanda bai sani ba shi ne wanda zai zo ceton shagon.

Akwai kuma wani dalili da ya sa nake ganin gara mu riga kowa. A Yulin 2021 aka tashi masu albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku, aka rushe filin 'yan ƙarafa, mutanenmu da yawa suka watse da sana'arsu. A wannan lokacin aka yi ta maganar kwashe dillalan Abossey Okai zuwa Afienya. Mun san yadda labari ke tafiya in masifa ta faɗa wa unguwar talaka, musamman in sunanta Zango: kafin a binne mamata an fara cewa wurin ne bai dace ba, mutanen ne ba sa jin magana. Babbar gobara ɗaya da ma'aikaci ya mutu a cikinta ta isa ta zama hujjar da buldoza ke jira. Kasuwar da ta riga ta tsara kanta, da littafinta da alamominta da hanyar motarta a buɗe, da takardar shaidar gobara da dokar 2003 ta wajabta wa wuraren kasuwanci, ta fi wuyar taɓawa.

Sarakunan Zango da limamai suna da abin da hukuma ba ta da shi, wato kunnen jama'a. Babban Masallacin Abossey Okai yana cika ranar Juma'a da fitoci da masu shago da 'yan okada, su ne daidai mutanen da wannan magana ta shafa. Minti biyar bayan sallah, jami'in kashe gobara ya tsaya da kumburarren batir a hannu ya yi bayani da Hausa, ya fi takarda dubu da aka liƙa a bango da Turanci. Haka a Nima, haka a Maamobi, haka a Fadama da Madina da Ashaiman. Iyayenmu mata su ma a kai musu a wuraren taronsu, don su ne ke gida lokacin da fankar caji ke jone. 'Yan majalisar gundumar Ablekuma ta Tsakiya da na Ayawaso su zagaya da ma'aikatan kamfanin ruwa a nemo famfunan gobara ɗaya bayan ɗaya, a buɗe kowanne a gaban jama'a a ga ko yana kawo ruwa, wanda aka gina shago a kansa a yi magana da mai shagon.

Hunturu na zuwa a Disamba, lokacin da komai ya bushe, kasuwa ta cika da kayan ƙarshen shekara, gobara ta fi yawa. Littafin shagunan da zagayen famfunan aikin mako biyu ne in an sa kai. Ina kira ga shugabannin ƙungiyar dillalai da Sarkin Zangon yankin da kwamandan kashe gobara na Accra su zauna a teburi ɗaya kafin lokacin, kuma wannan shafi zai buga ranar da suka tsayar.